Farin Fili a Kwalbar Humra

Wata uku ke nan rabon Abdulbaqi da lungun su Ikram a Shahuci.

Ba korarsa aka yi ba. Da kora ce da ya san matsayinsa. Kawunsa Malam Jibrin ne ya je neman izini wurin mahaifinta, Alhaji Ashafa mai turare na Kasuwar Kurmi. Alhaji ya shimfiɗa masa darduma, ya sa aka kawo ruwa, sannan ya ce a dakata. Ya ce shi bai san sana'ar yaron ba. Ya san tela, ya san marini, ya san baduku, kowannensu kana iya ɗaga abin da hannunsa ya yi ka duba. Amma mutumin da zai yini yana danna kwamfuta, me za a ɗaga a ce ga aikinsa? Ba zai yi wa 'yarsa dole ba, amma ba zai ba da ita cikin duhu ba. Kafin ya gani da idonsa, zance ya tsaya.

Ga kuma Sadiƙ, ɗan ƙanwar Alhaji, mai digiri da mota. Uwarsa kullum tana gidan da zancen tuwona maina. An ce da an sauko daga Babbar Sallah za a yanke magana, saura mako biyu.

Abdulbaqi bai kwanta ciwo ba. Ba halinsa ba ne. Kullum yana buɗe shagonsa na Ƙofar Nassarawa, wanda faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba. Kwamfuta ɗaya, firinta biyu, wuƙar yanka takarda, da rular ƙarfe da yake ratayewa a ƙusa. Katin biki yake bugawa, da sitikar masu zoɓo da masu yajin daddawa. Yana son aikin. In layi ya zauna daidai inda ya auna masa, yakan ji wani sanyi a ƙirji wanda bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ranar Talata da hantsi adaidaita ta tsaya a ƙofar shagon. Ƙamshin ne ya riga su shigowa, sandal da farce da wani abu a ƙarƙashinsu da bai san sunansa ba. Bai ɗaga kai ba ya san ko su wane ne.

Hajiya 'Yardada ce a gaba, kakar Ikram, uwar Alhaji, tana dogara sanda. Ikram na bayanta cikin hijabi ruwan toka, riƙe da baƙar leda.

“Mijin banza,” in ji tsohuwar. “Wata uku ba cefane, ba gaisuwa.”

Ya sauko daga kujera ya durƙusa. “Ai an hana ni lungun, Hajiya.”

“Zancen yarinya aka hana ka. Wa ya hana ka gaida uwargida?”

Ya ba ta kujerarsa. Ta duba shagon sama da ƙasa, ta ce ɗakin kajinta ya fi shi faɗi, amma dai ya fi ɗakin kajin tsafta. Ikram ta rufe baki da gefen hijabi. Idonsu ya haɗu sau ɗaya, kowa ya kawar.

Ita ta yi bayanin, tana kallon ledar. Humrar Hajiya shekara arba'in ana sayar da ita a rumfar Baba, a kwalba ba suna ba komai, wanda ya sani ya sani. Yanzu hannun Hajiya na rawa, ita Ikram ke haɗawa. Wani babban kanti a wajen gari ya yarda zai sa humrar a kantarsa, da sharaɗin kowace kwalba ta zo da bakod, layukan nan baƙi da fari da ake haskawa a wurin biya, na'ura ta yi ƙara ta fito da sunan kaya. Sadiƙ ya ce a bar masa. Ya yi rajistar lambar yadda ya kamata, ya tsara sitika, ya buga. An kai kwalba ɗari biyu. Jiya aka dawo da su duka. Ko ɗaya ba ta yi ƙara ba, 'yan matan wurin biya sun gaji da danna lamba da hannu. Manajan ya ce ranar Alhamis ce iyaka, in ba a gyara ba zai ba wa wani gurbin.

Ta miƙo masa kwalba ɗaya.

'Yar ƙarama ce, ba ta fi babban yatsa tsawo ba. A jikinta akwai ɗan gurbi da aka ƙera don sitika, kuma sitikun tare da kwalaben suka zo, a yanke. Ya sauko da rula. Santimita uku da rabi a tsaye, biyu da rabi a kwance. Ba ƙari. In ka liƙa wadda ta fi haka, bakinta zai hau kan tudu ya tattare.

Ya kai kwalbar bakin ƙofa inda haske yake. Kewaye da sitikar akwai zayyana, saƙa ce mai kyau, igiya biyu na shiga juna suna fita. A cikinta sunan humrar, a ƙasa kuma bakod, an matse shi har layukan sun kusa zama baƙin tabo ɗaya, kuma gefensa biyu sun jingina da zayyanar.

Ya daɗe yana kallo.

“To, malamin layi,” in ji Hajiya, “aljanu ne ko sammu?”

Ya ce ba ko ɗaya. Abu biyu ne. Shi bakod akwai iyakar da ake rage shi, in ya wuce nan idon na'ura ba ya raba siririn layi da kauri. Sannan dole a bar masa farin fili a farko da ƙarshe, fili wanda ba komai a cikinsa, don ta nan na'ura take gane inda karatu ya fara da inda ya ƙare. A nan zayyana ta cinye filin, na'urar tana ɗaukarta ita ma layi ce.

Tsohuwar ta miƙe da ƙyar, ta ce za ta zauna a benci a waje ta sha iska, kuma su sani kunnenta ya daɗe da mutuwa.

Ikram ta matso kusa da tebur.

“Yaya Abdul, ka rame.”

“Aiki ne.”

“Ƙarya ne.” Ta yi murmushi, murmushin bai daɗe ba. “Ka ji abin da zan roƙe ka. Ka rage suna, ka cire lambar waya, ka yi duk abin da za ka yi. Zayyanar nan kada ka taɓa ta.”

Ta gaya masa dalili. Zanen daga allon saukar kakanta aka kwafo shi, mahaifin Baba. Allon yana rataye a ɗakin Baba, ba mai taɓa shi. Baba da kansa ya zauna da tawada da alƙalamin kara ya kwafe shi a takarda, kwana uku yana yi. Da Sadiƙ ya nuna masa sitikar, abin da kawai ya duba shi ne ko zayyanar ta kewaye ta rufe. Yakan ce zayyanar da ba ta haɗe ba, gida ne ba katanga.

“Baba bai san mun zo ba?”

“Ya sani. Hajiya ta ce masa za ta kawo maka. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi wanda zai gyara ya same shi a rumfa gobe da safe.” Idonta ya cika. “Wannan ce kaɗai ƙofar da muka samu. In ka gyara masa magana a gaban mutanen kasuwa, ka san Baba. Gwaggo kuwa, uwar Sadiƙ, jira take. Ni na gaji da shiga ɗaki ina rufe ƙofa duk ranar da na ji motar Sadiƙ.”

Hawaye ya zubo, ta share da bayan hannu, tana jin haushin kanta.

Ya so ya ce mata ta kwantar da hankali, zai yi yadda ta ce. Kalmar ta zo har bakinsa. Ya dubi rular da ke hannunsa.

“Zan gwada duk hanyar da na sani,” ya ce.

“Ba shi na tambaye ka ba.”

“Na sani.”

Ta dube shi na ɗan lokaci, ta ajiye masa ledar da damin sitika marasa rubutu, ta fita. Ya ji Hajiya a waje tana cewa kuka ba ya gyara humra, sai dai ya tsinka ta.

Ya rufe ƙofa rabi, ya mai da wani mai katin suna zuwa jibi, ya zauna.

Ya shigar da lambobi goma sha uku da Sadiƙ ya yi wa rajista, layukan suka fito. Ya rage su zuwa iyakar da aka yarda, tare da farin filinsu. Santimita uku, ba ko gashi. Faɗin sitika biyu da rabi. A kwance dai ba zai shiga ba, ko da babu zayyanar gaba ɗaya.

Ya juya shi ya tsaya a tsaye, layukan suka koma kamar matakan tsani. Hakan ya fi ma, domin kwalbar zagayayya ce, in layuka suka bi lanƙwasarta na gefe sukan ɓuya wa na'ura. A tsaye akwai uku da rabi. Amma zayyana ta ci milimita huɗu a sama, huɗu a ƙasa. Abin da ya rage bai kai uku ba.

Milimita uku kacal ya rasa.

Ya sirance zayyanar, saƙar ta dunƙule ta zama igiya ɗaya, ba ta da kyan gani. Ya matsar da ita can bakin sitika, firinta ta gutsure ta. Ya ɗan ci farin filin kaɗan, ya buga, ya liƙa, ya haska da sikanarsa ta hannu, irin na'urar wurin biya. Sau goma ya haska, sau uku ta yi ƙara. Wani zai ce ai ta yi. Ya tuna 'yan matan wurin biya da layin mutane a gabansu.

Aka kira azahar, ya je ya dawo. Ya ci ɗanwake a tsaye. Abin mamaki, ransa ba a ɓace yake ba. Ƙamshinta ya kama shagon, aiki na gabansa, kuma yau ya ji muryarta. Har ya tsinci kansa yana ɗan kaɗa ƙafa.

Kafin la'asar ya yi abin da tun safe ya san shi zai yi. Ya yanke zayyanar a sama da ƙasan bakod, ya bar fari. Ya buga, ya liƙa. Sau ashirin ya haska, ta kusa, ta nesa, a karkace. Sau ashirin ta yi ƙara.

Ya jera kwalabe uku a kan tebur, ya daɗe yana dubansu.

Washegari ya sa farar shaddarsa ta Juma'a, ya shiga Kurmi ta layin 'yan turare. Lungun ƙunci, rufin kwano ya haɗe ta sama, hayaƙin turaren wuta na tashi daga kasko nan da can. Rumfar Alhaji Ashafa tana kusa da kwana. Yana zaune a kan buzu, dogon mutum mai furfura a gemu, tabarau a kan hanci. Maƙwabtansa biyu na gefe suna shan shayi. Sadiƙ na tsaye jikin kanta, makullin mota a hannu. Katan ɗin da aka dawo da shi yana ajiye a tsakiya, ba wanda ke kallonsa.

Abdulbaqi ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa. Tun a hanya yake shawarar ko Baba zai ce ko Alhaji. Da bakinsa ya buɗe, Alhaji ya fito.

Aka amsa gaisuwar a taƙaice.

Ba a yi wa wanda kake neman 'yarsa dogon bayani, balle a ce masa ya yi kuskure. Don haka bai ce komai ba. Ya fito da kwalabe ukun ya jera a gaban buzun, ya haɗa sikana da wayarsa, ya miƙa ta da hannu biyu, ya nuna inda ake dannawa.

Alhaji ya juya ta kamar mai duba ƙwai. Ya haska ta farko, ta Sadiƙ. Jan haske ya kwanta a kan layukan. Shiru. Ya sake. Shiru.

Sadiƙ ya ce ai irin waɗannan na'urorin tsofaffi ne, a ƙasashen waje har wanda bai kai wannan ba suna karantawa. Ɗaya daga cikin masu shayin ya ce to sai a kai humrar can. Aka yi 'yar dariya, har shi Sadiƙ ɗin.

Ta biyu, mai cikakkiyar zayyana da ɗan guntun fili. Shiru, shiru, sannan ɗit. Fuskar Alhaji ta saki. Ya sake haskawa. Shiru. Shiru.

Ta uku. Kafin ma ya daidaita hannu, ɗit. Ya matsar da ita, ɗit. Ya karkata, ɗit. Mai shayi ya ce wannan kam ta iya gaisuwa.

Sai Alhaji ya ɗauki kwalbar ya kawo ta kusa da tabarau. Murmushin ya tafi.

“Wa ya yanke wannan?”

“Ni ne, Alhaji.”

“An gaya maka daga inda zanen ya fito?”

“An gaya mini.”

“Ka sani, ka yanke.”

Masu shayi suka mai da ido cikin kofunansu. Sadiƙ ya matso, ya ce Kawu ai ga ta biyun nan ta yi ƙara, a buga ita kawai, in an haska sau biyu sau uku za ta kama, zanen Kaka kuma ya zauna lafiya. Ba da mugunta ya faɗa ba. Har ya dubi Abdulbaqi kamar mai miƙa masa igiya.

Alhaji ya ɗaga ta biyun. “Kai ka buga wannan ma. Za ta yi?”

Ga ƙofa a buɗe. Kalma ɗaya ce. Ya ga fuskar Ikram tana share hawaye da bayan hannu.

“Ba za ta yi ba,” ya ce, idonsa a ƙasa. “Cikin goma uku take kamawa. Za su sake dawo da kayan, kuma ba za su karɓa karo na uku ba. Na kawo ta ne don ka gani da idonka. Na nemi hanyar da zan bar zanen, yini guda. Milimita uku na rasa. In da akwai, da na samo.”

“In na ce ita nake so fa?”

“Kayanka ne, Alhaji. Zan buga. Amma ba zan ce maka za ta yi ba.”

Alhaji ya gyara zama a kan buzun. Ya ajiye ta biyun, ya sake ɗaukar ta ukun. Wani mai saye ya leƙo yana tambayar turaren tsuguno, ya ɗaga masa hannu ya wuce. Ya daɗe yana bin bakin yankan da farcen babban yatsa, sama, ƙasa.

“Aikin mahauci,” ya ce a ƙarshe.

Ya juyo wa Abdulbaqi da kwalbar.

“Ka datse igiya biyu ka bar su a sake kamar jelar ɓera. Ba haka ake tsayar da zayyana ba. In za ta tsaya, naɗe bakinta ake yi, a mai da shi ciki a ƙulle. Mahaifina yakan yi haka in ya zo wurin da zai bar wa rubutu fili.” Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. “Na manta yana yi. Sai yanzu.”

Ya juya ya jawo wata tsohuwar jakar fata daga bayan kwalabe, ya fito da 'yar kwalbar tawada da alƙalamin kara. Ya ce wa Sadiƙ ya miƙo farar takarda, sannan ya je ya gaya wa manajan nan kaya na zuwa gobe. Sadiƙ ya miƙo, ya tsaya jim, ya sa makulli a aljihu ya fita.

“Matso,” in ji Alhaji. “Daga can za ka nuna mini?”

Abdulbaqi ya matso da gwiwa har bakin buzun. Bai taɓa kusantar mutumin haka ba. Alhaji ya ce zai zana babba, shi ya rage a na'urarsa, amma ya nuna masa daidai inda farin zai fara, kada ya ci masa ko ɗigo, kada kuma ya ba shi fiye da haƙƙinsa. Abdulbaqi ya ciro rula ya lissafa ninki biyar, ya sa ɗigo huɗu da fensir. Alhaji ya tambayi dalilin da ya sa filin farko ya fi na ƙarshe faɗi. Ya gaya masa. Ya tambayi me ya sa layukan suka koma tsani. Ya gaya masa wannan ma, ya ɗauki kwalba ya nuna lanƙwasar. Tsohon ya gyaɗa kai, ya ce ashe abin da ilimi a ciki.

Ya tsoma alƙalami. Igiyar farko ta taho, ta lanƙwasa kafin ɗigon fensir, ta shige ƙarƙashin 'yar'uwarta ta koma ciki. Masu shayi suka miƙo wuya. Abdulbaqi na danne da rula a kan iyakar farin, yana kallon ƙullin na fitowa, ya fi abin da ya yanke kyau nesa ba kusa ba.

Ba tare da ya ɗago ba, Alhaji ya ce, “Shi Malam Jibrin ɗin, ƙanin mahaifiyarka ne ko na mahaifinka?”

“Na mahaifiyata ne.”

“Ba ka da baffa a raye?”

“Akwai, Baffa Abdulhakeem, yana Gwale.”

“To su zo tare. Ba a neman aure da dangin uwa kaɗai. Asabar, bayan la'asar.”

Abdulbaqi ya ɗago kai da sauri. Ƙarfen da ke ƙarƙashin yatsunsa ya ɗan goce.

Alhaji ya ɗaga alƙalami sama, ya dube shi ta saman tabarau.

“Riƙe rular nan da kyau, Abdulbaqi. Saura ƙulli uku.”